Neman Tafkin Inna a Tirelar Albasa

Ƙarar kunu ce ta fara komai. Ba ta faɗuwar kwano ba, wannan 'yar ƙarar da abu mai kauri ke yi idan ya zuba a siminti maimakon cikin kofi. Ina bakin murhu na juyo, sai na ga Inna, mahaifiyar maigidana, tana zuba kunu a gefen kofinta, fuskarta a sake, ita a ganinta daidai take zubawa. Na matsa a hankali na tura kofin ƙarƙashin ludayin da yatsana. Amma ta ji. Ta ajiye ludayin ta ce, "Ɗiyata, ki hwaɗa ma mai baƙin mai ina son in ga tabkinmu tun da sauran abin gani."

Mai baƙin mai shi ne Malam, maigidana. Makanike ne a nan Jega, kuma ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa.

Tun da muka dawo ba ni da sakat a makarantarmu ta Islamiyya. Kowa ta gan ni sai ta ce, "Wai da gaske a daji kuka kwana cikin tirela?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura kullum wata na ƙara masa gishirin da ban sa ba, har na ji an ce kada ya bi mu. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru. Babu kada.

Ga yadda abin yake. An haifi Inna a wata 'yar ƙauya bakin tafki, can bayan Mungadi wajen Kuberi, mahaifinta shi ne Sarkin Ruwa. Tana yarinya aure ya kai ta Gwanja, inda mijinta ke fataucin goro, ba ta dawo ƙasar nan ba sai da ya rasu. Ko da ta dawo sai aka ce mata ambaliya ta tashi ƙauyen tuni, mutanensa sun watse. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Mun kai ta asibitin ido, likita ya duba ya ja Malam gefe ya ce abin da ya rage mata na gani ba zai daɗe ba. Ba mu gaya mata ba, ashe ta riga mu sani.

Abin da ta riƙe na wurin bai taka kara ya karya ba: giginya uku a jere a bakin ruwa, da laka baƙa mai santsi. Sunan tafkin ma ba ta sani ba, su dai tabkinmu suke cewa. Malam ya ce wannan ba tafiyar je-ka-dawo ba ce, sai an yi yawo, kuma Inna ba ta iya dogon zama a mota. Sai ya tuna da wani amininsa a Aliero mai 'yar tirela. Kada ku ɗauka irin ta Legas ce. Ƙarama ce mai taya biyu, wadda ake ja a kai albasa kasuwa.

Ni da ban taɓa wuce Birnin Kebbi da Sakkwato ba, sai ga ni ina haɗa kayan kwanan daji kamar mai shirin biki: katifa, gidan sauro, risho, tukwane, jarkokin ruwa, garin kunu, hoce, ƙuli-ƙuli. Manyan yara muka bar su wurin yayata saboda makaranta. Auta kaɗai muka ɗauka, wadda ta ci sunan Inna muke ce mata Ummi. Ita ce 'yar jagorar Inna a gida, ko bayi za ta sai ta ce, "Takwara, kawo hannu."

Aliero muka fara zuwa da tsohuwar jif ɗin Malam. Na sha jin labarin albasar Aliero, amma ban san ta shiga har cikin gaisuwa ba. Mu a Jega ana tambayar gida da yara, can sai an haɗa da "Ya albasa?" ko da ba ka da ko kunya ɗaya. Matan gidan aminin Malam suna tsakar gida suna daka ganyenta suna cura gabu, idonsu ƙyar, ni kuwa daga shiga zaure hawaye ya fara. Uwargidan ta ce, "Baƙuwa, mi anka yi miki tun ba ki zamna ba?"

Tirelar muka wanke da sabulu har hannuna ya yi fari, warin na nan daram. Malam ya lanƙwasa ƙarafa ya yi mata baka, ya lulluɓa tamfol, muka shimfiɗa katifa, sai ga ɗaki sosai. Amininsa ya ƙara mana da buhun albasa guzuri. Na so in ce mun gode a bar shi, kunya ta hana. Allah da ikonsa, buhun nan ya yi rana.

Da muka juyo muka kama hanyar Maiyama, sai muka tarar da shinge. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, allunan hanya duk an shafe Sakkwato da fenti an rubuta Kebbi, tsohon rubutun na leƙowa ta ƙasa. Ma'aikacin ya kewaye tirelar, ya ɗaga tamfol ya ga katifa da matashin kai, ya ce, "Ranka shi daɗe, gawa za ku ɗauko ko amarya?"

Inna ta leƙo daga bayan jif ta ce, "Yaro, tawa ta. Na wuce guda, ban kai guda ba."

Ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ɗage mana sanda.

A Maiyama muka yi zangon farko, a filin wata firamare. Wata malama Kirista 'yar Zuru da ke zaune a gidan makarantar ta fito ta ga muna neman wurin tsayawa. Ta buɗe mana bayan gidanta, ta kawo ruwan zafi don ƙafar Inna, kuma tun ban tambaya ba ta nuna mini gabas ta ce, "Nan malamanmu ke fuskanta." Na zuba mata albasa cike da kwarya. Har yau ina yi mata addu'ar alheri. Inna da Ummi da ni muka kwana a tirela, Malam a jif. Da asuba Inna ta ce tun barinta Gwanja ba ta yi barci mai daɗin wannan ba. Ni kam na kwana ina mafarkin ina yanka albasar suna.

Daga nan muka bar kwalta. An yanke gero, ana ta sussuka, hanya duk yashi ce da burtalin shanu, jif na tafiya kamar mai tausayin ƙasa. Ganin haka Inna ta ce ita a tirela za ta zauna, a ɗage mata tamfol ta sha iska. Ummi ta haye kusa da ita. Ni ina gaba, Malam yana ba ni labarin yadda ya taɓa gyara wata babbar mota da igiyar guga, labarin da na ji ya fi a ƙirga. Can sai na ji iska ta yi daɗi. Na ja numfashi, na sake ja.

Na ce, "Malam, ban jin warin albasa."

Ya ce, "Alhamdulillahi, kin saba."

Na waiga. Babu tirela, babu Inna, babu Ummi, sai hanya fetal.

Salatin da na yi ban san na iya shi ba. Ashe ƙusar mahaɗin ce ta zame a wani gargada, tirelar ta dafa hanci a yashi ta tsaya abinta. Ko da muka koma, sai muka tarar da Inna zaune ta miƙe ƙafa, matan Fulani sun kewaye ta, ana dama mata fura. Ummi ce kaɗai ta yi kuka, shi ma ta share. Inna ta ce, "Mai baƙin mai, in ka gaji da ni ka hwaɗi, ba sai ka yas da ni ga Hillani ba." Wata daga cikinsu ta ce su sun karɓa, ba su mayarwa. Malam ya ɗaure ƙusar da waya, kuma daga ranar wuyana ya koma kallon baya.

Tafkin farko da aka kwatanta mana kusa da Mungadi yake, kuma yana da giginya. Ummi ta fara tsalle tana, "Ga su! Ga su!" Muka riƙo Inna har bakin ruwa. Ta cire takalmi ta tsoma ƙafa, ta murza yatsunta a ƙasa, ta ce, "Yashi na. Ba shi na ba." Duk da haka muka yini a wurin. Ban taɓa ganin tsuntsaye da yawa haka ba, kuma a nan na fara cin 'ya'yan bado, wata tsohuwa ta ba ni. Ta yi mamakin wai a Jega sayen kifi muke yi a kasuwa, ni kuma na yi mamakin yadda take wanke shinkafa a ruwan da shanu ke tsaye a ciki. Kowa ta tausaya wa 'yar'uwarta.

Na biyu sai da muka kafe a laka kafin mu kai, samarin da ke dashen albasa suka turo mu, muka isa muka tarar ya ƙafe an mai da shi gona. Abin da na koya a hanyar nan shi ne, idan mutumin ƙauye ya ce maka "nan ga bayan tudun ga", to ka yi alwala ka yi azahar tukuna. Kuma ba wanda zai ce bai sani ba. Kowa ka tambaya tafki mai giginya uku ya san shi, kowa kuma da inda zai nuna.

A ƙasar Kuberi muka iske na ƙarshe, bayan azahar. Babba ne, shimfiɗe, bado ya rufe gefensa da fararen furanni. Amma ko giginya ɗaya babu, ba gida, ba kowa. Malam ya duba mai ya ce da ƙyar zai mai da mu kwalta, gobe sai gida. Inna ta tambayi Ummi, "Takwara, akwai giginya?" Ummi ta ce babu. Inna ta ce, "To, Allah bai nuhwa ba," ta koma cikin tirela ta kwanta ta juya mana baya. Ko ƙafa ba ta ce a kai ta ta tsoma ba. Na zauna ina fere albasa, na gode Allah da ya ba ni abin da zan ɗora wa hawayena.

Rana ta buɗe sosai, tirela ta ɗauki zafi. Malam ya ce bari ya ja tamfol ya yi mana rumfa a waje, sai dai babu abin tokarewa. Ya gangara bakin ruwa ya dawo da wata doguwar sanda miƙaƙƙiya, an ɗaura mata ganyen kaba a kai. Ya ce, "Dubi ikon Allah, wani ya kahe ta cikin ruwa ya manta." Ni ma na ce kai, kamar don mu aka ajiye. Ya tokare tamfol, muka yi rumfa mai kyau, na lallashi Inna ta fito inuwa.

Za ta zauna ta dafa sandar. Hannunta ya hau sama ya taɓa kabar. Sai ta tsaya. Ta sa hannu biyu tana shafa ƙullin, tana bin sa da yatsa kamar mai jan carbi.

"Ina kunka samo wagga sanda?"

Malam ya ce a bakin ruwa.

"Cirowa ka yi?"

Ya ce eh.

Ta ce, "Inna lillahi. Wanga ƙullin Baba na. Ninki ukku, wutsiya gabas. Ba mai yin shi sai gidanmu. Tabkinmu na! Ɗiyata, tabkinmu na!" Tana dariya, hawaye na zuba, sai kuma ta daka wa Malam tsawa irin wadda ban taɓa ji ba. "Kai kuma ka buɗe tabki! Maza mai da ta!"

A gurguje ta bayyana mana. Idan ruwa ya fara ja baya, Sarkin Ruwa kan kafa sandar nan, an ɗaure tafki ke nan, ba mai jefa ko fatsa sai kifi ya girma. Ranar da aka wayi gari babu sanda, an buɗe, kowa ya zo ya yi su, wato kamun kifi. Mu mutanen gari mun cire ta mun yi rumfa.

Ba ta rufe baki ba muka ji guɗa daga kan tudu. Wani makiyayi ya hango ba sanda ya kai labari sabon garin da ke bayan tudun, wanda mu ba mu ma san da shi ba. Sai ga mutane na gangarowa a guje, maza da homar kamun kifi da gora, mata da ƙorai, yara na ihu. Malam ya fizge sandar, tamfol ya rufto mana a ka, garin fizga kuma ƙullin ya warware. Ya ruga bakin ruwa yana ɗaga ta sama yana cewa, "Ku dakata! Kuskure na! Ba a buɗe ba!" Wasu har sun shiga ruwa zuwa gwiwa.

Wani dattijo ya iso a kan keke, rawaninsa ya kunce. Shi ne Sarkin Ruwa. Ya tsai da mutanensa da hannu ɗaya, sannan ya juyo kan Malam. "Kai wane na? Daga ina? Abincin shekara na garin ga za ka ɓata muna don inuwa? Ku kwashe kayanku ku bar wurin ga yanzu." Malam na ba da haƙuri, wani na cewa a kai su wurin hakimi, wani na cewa 'yan birni ba su da ta ido. Ni dai abu ɗaya ke raina: mun samu tafkin, za a kore mu Inna ba ta ko taɓa ruwansa ba.

Sai na ji ta ce, "Takwara, kawo hannu." Ummi ta ja ta har tsakiyar maza. Inna ta ce a ba ta sandar da kabar. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora sandar a cinya, idonta na kallon sama, yatsunta suka shiga aiki. Ta ninka, ta ninka, ta ninka, ta zura, ta ja. Ta tambayi Ummi ina rana take, ta juya wutsiyar gabas.

Dattijon ya durƙusa ya duba ƙullin. Ya ce, "Gwaggo, wa ya koya miki wanga?"

Ta ce, "Wanda ya koya ma ubanka. Ina giginyunmu ukku?"

"An sare su an yi azara, shekarar da munka tashi gari." Ya ƙura mata ido, muryarsa ta canza. "Kulu? Kulu ta Gwanja?"

Allah ya yafe mini rubuta sunan surukata, amma haka ya faɗa. Ta ce, "Wane na?" Ya faɗi sunansa. Ashe ɗan baffanta ne, wanda ta yi wa goyo kafin a kai ta Gwanja. Ta laluba ta kama kunnensa ta ce, "Kai na mai cizon baya? Har ka yi gemu?" Dattijo da jikokinsa a wurin ya fashe da kuka, mata suka ɗauki guɗa, wannan karon ta gaskiya.

Amma zumunci bai hana hukunci ba. Sarkin Ruwa ya share ido ya ce wanda ya cire shi ke mayarwa, kuma ba a gefe ba, sai inda ruwa ya kai ƙirji, don kowa ya hango. Malam ya shiga da kaftaninsa, laka baƙa na tsotse masa ƙafa, yara na yi masa waƙa. Inna ta ce a ɗebo mata lakar. Ta murza a tafin hannu ta shinshina ta ce, "Ita ta." Buhun albasa kuwa na juye shi gaba ɗaya aka raba wa waɗanda suka baro aikinsu suka yi gudun banza. Na tambayi matar Sarkin Ruwa a asirce ko ɗaurin nan na da alaƙa da iskoki, don raina bai kwanta ba. Ta ce, "Wane iskoki? Don kihi shi girma na, kowa shi samu." Na ji sanyi.

Sun so mu kwana cikin gari, Inna ta ce ita a bakin ruwanta za ta kwana. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar busasshen kifin bara, tunda na bana ɗansu Malam ya kusa gamawa da shi, in ji su.

Da hantsi Sarkin Ruwa ya kawo jirgi, ya sa rana a bayanmu yadda ba za ta kashe mata ido ba, ya tuƙa mu cikin bado a hankali. Inna tana ta buɗe ido iyakar ƙarfinta. Can ta ce, "Ina ganin hwari-hwari bisa ruwa." Ummi ta ce furanni ne. Inna ta ce, "Na sani. Na gan su." Ta sake cewa, "Na gan su, alhamdulillahi." Sauran kuwa Ummi ce ta riƙa faɗa mata, ga belbela, ga jaki na shan ruwa, ga sandar da Malam ya kafa can ta karkace. Sarkin Ruwa ya ce haka za a bar ta, a riƙa tunawa.

Sun samo mana mai a wurin masu injin ban ruwa, sun raka mu har burtali, da alkawarin ranar buɗe tafki za a aiko, Malam kuma zai zo ya cire sandar da izini.

A hanyar dawowa Inna ta yi barci a tirela. Na zauna kusa da ita ina kallon idanunta a rufe, ina tunanin ranar da za ta buɗe su ya zama duk ɗaya. Ban san Ummi na kallona ba. Ta matso ta rage murya don kada ta tashe ta, ta ce:

"Umma, ki bar kuka. Na kalle tabkin duka na aje mata, har da jakin. In idonta ya ƙare, kullum sai ta ce in ba ta."